Moɗa Ɗaya Daga Randar Kaka

Dafaffen ruwa yana da wari. Duk wanda ya ce maka ba shi da shi, bai taɓa shan sa a kan dole ba. Wari ne na gindin tukunya da hayaƙi, ga wani salam a baki, ka sha ka cika ciki amma ƙishirwarka tana nan inda ka bar ta. Shekaranjiya na ɗaga murfin tukunya a madafata, a nan cikin garin Daura, tururi ya bugi fuskata, sai na jawo kujera na zauna. An kwana biyu ana tafka ruwan sama, kwatoci sun cika sun shanye bututun famfon unguwarmu, rediyo kuma tun safe yake ta nanata cewa a tafasa ruwa kafin a sha. Na san kalmomin nan. Da su aka yi mana shela a ƙauyenmu ina yarinya, muka bi su sau da ƙafa, kuma a wannan daminar muka binne ƙanina.

Ƙauyenmu yana can gefen hanyar da ta tashi daga Zango ta nufi Baure. In kana cikin motar haya ba za ka gan shi ba, sai dai ka ga wata 'yar hanya ta ratse cikin gero, da masu babur suna jira a gindin tsamiya. Gidanmu ba babba ba ne. Akwai Baba, manomin gero da gyaɗa wanda magana take yi wa wuya. Akwai Inna, mahaifiyata. Akwai ni, sai ƙanina, kuma tsakanina da shi akwai tazara, don waɗanda aka haifa a bayana ba su zo da kwana ba. Shi kaɗai ne namijin da ya zauna har ya taka ƙasa. Sai kuma Kaka, mahaifiyar Baba, wadda ɗakinta yake daga gabas, kusa da rumbu.

Kaka tana da randa, kuma kaf unguwarmu babu wanda bai san da zamanta ba. An binne gindinta cikin jiƙaƙƙen yashi a inuwar zana, bakinta rufe da faifai, moɗa a kife a kai. Takan wanke ta ta turara, ta jefa saiwar jema a ciki, ruwan ya yi wani sanyi mai ƙamshi da har yau ban ji irinsa a firjin kowa ba. Maza in sun taso daga gona sukan tsaya a ƙofar gida su aiko a ɗebo musu na randar tsohuwa. Ita kuwa tana daga ciki tana mita, wai sun mayar da ita rijiya, alhali ranar da ba a aiko ba sai ta tambaya ko lafiya. Ba ta yarda randar ta bushe, ta ce in ta bushe sanyinta ya gudu ke nan. Ni ce mai cika mata ita daga rijiyar unguwa, ina yi tana zagina da wasa, wai na zo gidan ne don in ƙwace mata miji. Mijin kuwa ƙanina ne. Angona take ce masa, kuma ba ta iya jin kukansa. Ko salla take yi ya fashe da kuka, za ka ji ta gaggauta sallamewa.

A daminar da nake ba ka labari lokacin yayensa ya yi. A wajenmu in za a yaye yaro, ɗauke shi ake yi daga ɗakin uwa a kai wa kaka, ya zauna can har ya manta da nono. Uwa kuma ba ta leƙawa, ba ta tambaya, ko da tana jin kukansa ta bayan zana, don kunya, kuma don kada ya gan ta ya tuna. Na ji Inna ta ce wa Baba a hankali ko za a bari ruwa ya ɗauke tukuna. Baba ya kai maganar ɗakin Kaka, Kaka ta yi dariya ta ce ita ta yaye shi kansa Baban a tsakiyar damina, ga shi nan garjeje. Aka yi kunu, aka shafa wa Inna maɗaci a nono, aka ɗauki yaro aka kai gabas.

Bai daɗe a can ba marka ta sauka. Sama ta ƙi buɗewa, katangu suka jiƙe suka fara zubewa, masai na gidaje da dama suka rufta, ruwa ya kwashi abin da ya kwasa ya bi gangare. Rijiyarmu kuwa a gangaren take, bakinta kusan daidai da ƙasa. Ruwanta ya ɗan sauya launi, muka ce ai damina ce, a bar shi ya kwanta. Sai muka fara jin amai da gudawa ya shiga ƙauyukan da ke gabanmu, ana cewa mutum yakan tashi lafiya da safe, kafin la'asar an yi masa sutura.

Wata ranar kasuwa mota ta zo da lasifika a kanta. Ba ta shigo gari ba, don hanya ta yi laka. A bakin titi ta rage gudu, wani mutum a ciki yana ta faɗa: "Jama'a, a tafasa ruwa kafin a sha! A tafasa ruwa!" Mu yara muka bi ta da gudu har ta ɓace. Da yamma mai shelar mai gari ya zaga da gangarsa ya maimaita abin da ya ji, bai ƙara ba bai rage ba. Iyakar abin da ya iso gare mu ke nan daga masu ilimi da hukuma.

Kada ka ɗauka mun yi taurin kai. An sha faɗin haka game da mutanen ƙauye, kuma yana ƙona mini rai. A gidanmu tun daga ranar ba a yi fashi ba. Amma ka san abin da ake nufi da tafasa ruwa a tsakiyar marka? Karan bara ya ƙare tuntuni, itacen da ke akwai ɗanye ne, ya sha ruwa. Inna takan durƙusa gaban murhu tana hura wuta har idanunta su yi jawur, hawaye da majina suna zuba, tana tari. Tukunya ɗaya ce babba, ita ce ta tuwo, ita ce ta ruwa. Ba ta sauke ta sai ruwan ya yi ta ɓararraka yana ɗaga murfi, na gani da idona. Ruwan kuma ba ya kwana, don kafin a tafasa wani an shanye na farko. In ta sauke sai ta cika ƙwarya ta ce, "Maza kai ruwan nan ma Kaka, kada ki tsaya wasa." In ɗauka da tsumma, yana ƙona mini hannu, in kai gabas.

Kaka ma ta bi umarni. Ta daina shan ruwan randarta zalla, ta hana a ɗebar wa masu dawowa daga gona, abin da ya fi mata ciwo. Randar dai ina cika ta kamar kullum, don alwala da wanke-wanke, kuma don kada ta bushe.

To, ga yaro an raba shi da nono, ƙishirwa tana cin sa, ya ga ƙwarya ya miƙo hannu yana tsala ihu, ruwa kuma yana tururi. Me tsohuwa za ta yi? Abin da kowace mace a ƙasarmu ta tashi ta ga ana yi da ruwan zafi. In za a yi wa jariri wanka surkawa ake yi. In maigida zai yi wanka da sanyin safiya surkawa ake yi. Ruwan zafi a wajenmu ba a jiran sa ya huce, na sanyi ake zuba masa. Sai Kaka ta ɗage faifai, ta ɗebo moɗa ɗaya daga randa ta juye a ƙwaryar, ta tsoma ɗan yatsa ta ji, ta ce, "Sha, angona, ga shi na gyara maka." Ya kama bakin ƙwarya da hannu biyu yana sha yana ajiyar zuciya. Haka ake yi kullum, a tsakar gida, a gaban kowa. Baba ya sha irinsa, ni ma na sha. Babu wanda ya ga aibu, don an ce a tafasa, kuma an tafasa.

Ni da Baba cikinmu ya ɗan murɗa ya saki. Ƙanina kuwa da hantsi ya fara, yana wasa da ludayi a ƙofar ɗakin Kaka. Kafin azahar abin da ke fita daga jikinsa ya koma fari kamar ruwan da aka wanke gero, ba ya tsayawa. Idanunsa suka faɗa, maɗigarsa ta lotsa. Kaka ta jiƙa saiwoyi, aka karɓo rubutu, duk abin da aka ɗura masa sai ya dawo. A ranar Inna ta ajiye kunya ta shiga ɗakin surukarta ta ɗauki ɗanta ta ba shi nono, amma nonon ya riga ya ƙafe, shi ma ba shi da ƙarfin kamawa. Baba ya ɗaura wa shanu amalanke, don babu babur ɗin da zai iya lakar nan, suka nufi ɗakin shan magani inda aka ce ana ƙarin ruwa. Ni da Kaka muka tsaya a ƙofar gida. Rana ba ta faɗi ba muka hango amalanken yana dawowa, shanun suna tafiya a hankali, babu mai kora su. Inna tana zaune a baya, ta lulluɓe shi da mayafinta har kai.

A zaman makoki Gwaggo ta zo, yayar Baba, wadda take aure a Dutsi. Mace ce mai baki, ba ta iya ganin abu ya faru ba ta samo wanda za ta ɗora wa ba. Ta ji an ce ana tafasa ruwa a gidan, sai ta dubi murhu, ta dubi Inna, ta ce a gaban matan unguwa, "Tafasawa ko ɗumamawa? Ai na san ganda. An ga itace ya yi wuya, da ruwa ya fara tsuwa sai a sauke." Inna tana zaune kanta a ƙasa. Mata suka ce a yi haƙuri, kwana ne ya ƙare. Amma maganar ta riga ta fita, ta bi su gidajensu. Baba bai taɓa faɗin haka da bakinsa ba, sai dai bai taɓa tsawata wa yayarsa ba, kuma Inna ta lura.

Sai da ruwa ya ɗauke, aka fara yankan gero, sannan aka turo mana wadda za ta shiga gida-gida. Wata ma'aikaciyar lafiya ce, yarinya ƙarama mai fara'a, da jaka a rataye. Ta iske mu uku a gida, ni da Inna da Kaka, Baba yana gona. Bayan gaisuwa ta ce, "Iya, nuna mini yadda kuke yi da ruwan sha."

Kaka ta gyara zama, har da ɗan alfahari. "Ai mu, 'yar nan, ko yini ɗaya ba mu yi fashi ba." Inna ta sauke tukunya ta zuba a ƙwarya. Kaka ta ɗage faifai, ta ɗebo moɗa ta juye.

Yarinyar ta riƙe mata hannu, amma ruwan ya riga ya shiga. "Subhanallahi! Iya, ai kin mayar da shi ɗanye."

"Ɗan wannan da na zuba?"

"Ko cokali ne, Iya. Ciwon a cikin ruwan rijiyar yake. Wuta ta kashe na tukunya, ke kuma kin zuba masa sabo. Rufe shi ake yi a bar shi ya huce da kansa."

Kaka ta daɗe tana kallon ƙwaryar. Da ta yi magana muryarta ba irin wadda na sani ba ce. "Me ya sa ba ku faɗa ba?"

"Ai mun ɗauka kowa ya sani," in ji yarinyar. Ba da mugunta ta faɗa ba, har da murmushi. Ta ci gaba da bayani, cewa a ware mazubi mai tsabta da murfi, kada a tsoma moɗar da ta taɓa ɗanyen ruwa, a dama fura da kunu da dafaffe, in yaro ya fara gudawa a haɗa masa ruwan gishiri da sukari tun kafin a kama hanya. Duk abubuwan da za su shiga bakin lasifika in da an ga dama. Da za ta tafi ta waiwayo ta ce, "Akwai ƙananan yara a gidan?"

Inna ce ta amsa. Ta ce, "Babu."

Bayan ta fita babu wanda ya dubi wani. Inna ta shiga ɗaki ta saki labule. Kaka ta tashi, ita da ko tulu ba ta iya ɗagawa, ta tone yashin gindin randar da hannunta, ta karkata ta, ruwan ya bi rariya da saiwar jemar da komai, ta kife ta a jikin zana. Da Baba ya dawo ya tambaya, ta ce ta tsage ne. Ya ce zai sayo wata ranar kasuwa, ta ce ba ta so.

Na jira Kaka ta yi magana. Na jira ta kira Baba, ta aika a kira Gwaggo, ta ce ku sauke wa yarinyar nan kayan da kuka ɗora mata, ga yadda aka yi. Ba wanda zai tsine mata, kowa ya san ba ta sani ba. Ba ta yi ba. Da na gaji na iske Inna tana sussuka na ce ni zan faɗa wa Baba. Ta ajiye taɓarya ta kama kunnena, abin da ba ta saba yi ba. "Kada in ji a bakinki. Uwar ubanki ce. So kike ya riƙa kallon uwarsa yana tunawa?" Na ce to ke fa? Ta ɗauki taɓaryarta ta ci gaba da aiki.

Kaka ta yi shekaru bayan haka, kuma ba ta sake shan ruwan sanyi ba. In Inna ta kai mata ƙwarya tana tururi, sai ta kafa baki a haka, ba ta hurawa, ba ta fifitawa, har leɓenta ya saba da ƙuna. Ko a tsakiyar bazara haka take sha. Mutane suka ce tsufa ne. Ta daina wasa da jikoki, in ta ji kukan yaro a maƙwabta sai ta shige ɗaki. Na san hukunci take yi wa kanta, kuma na ji tausayinta, don ina son tsohuwar nan. Amma ba zan ɓoye maka ba, har yau ina jin haushinta. Ƙona baki ya fi mata sauƙi a kan buɗe shi, ita kuwa Inna ƙunar bakin Kaka ba ta wanke ta a idon kowa ba. Ranar da Kaka ta rasu, Inna ce ta dafa ruwan wankanta, ita ta surka shi, ta tsoma hannu ta ji ya yi daidai kafin ta miƙa wa masu wanka.

Baba ya bi uwarsa bai sani ba. Inna ma ta tafi, ba ta sake samun ɗa namiji ba, kuma har ta koma ga Allah akwai matan da in an ambace ta sukan ce baiwar Allah mai haƙuri, sai dai sakaci. A zaman makokinta na ja Gwaggo gefe na faɗa mata komai. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Uwata za ki yi wa ƙazafi tana kabari?" Tun daga ranar ko a biki muka haɗu gaisuwa ce kawai.

Yanzu an ce an ci gaba. Muna da famfo, ran da ya ga damar zuwa. Muna da 'yan garuwa, da ruwan leda ga mai hali, da gas da ke tafasa tukunya kafin ka gama yanka albasa. Lasifikar ta koma rediyo da saƙon waya. Na kasa kunne shekaranjiya, na saurari sanarwar daga farko har ƙarshe, ko wannan karon za su ƙara 'yan kalmomin da suka rage. A tafasa ruwa kafin a sha. Sai talla ta biyo baya. Har yanzu sun ɗauka kowa ya sani.

Ina zaune a kujerar nan autana ya tashi daga barci yana kukan ruwa, shi ma bai daɗe da barin nono ba. Babbar 'yata, wadda take makarantar sakandare kuma ta fi ni boko, ta zuba masa daga tukunya a kofi, ta ji da zafi, sai na ga ta nufi durom ɗin da ɗan garuwa ya cika mana, ta ɗauki moɗa. Ban koya mata ba. Ba wanda ya koya mata, a ruwan wanka ta gani. Tsawar da na daka mata sai da moɗar ta faɗi ƙasa, maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana tambaya ko gobara ce.

Na karɓi kofin na rufe shi, na dasa gindinsa a cikin kwanon ruwan sanyi, na ɗauki yaron na ɗora a cinya. Yana ta ihu yana miƙa hannu yana dukan ƙirjina. Maƙwabciyar ta ce, "Haba, ki ɗan surka masa mana, ba ki da tausayi ne?" Na kira 'yata ta zauna kusa da ni, na fara ba ta labarin randar, da ƙarfi yadda ta bayan katangar ma za ta ji. Yaron bai daina kuka ba har ruwan ya huce, ni kuwa na bar shi ya yi ta yi. Kukan nan ne Kaka ta kasa jurewa. Ni ina iyawa, don na tsaya a ƙofar gida na ga amalanke ya dawo babu mai kuka a cikinsa.